BATURE MAI MAGANI: LABARIN LIKITA ANDREW STIRRETT

Tsofaffin masu bi na ƙasar Hausa ba su cika kiransa da sunansa na ainihi ba. Bature Mai Magani, haka suka san shi. Sunansa Andrew Park Stirrett, mutumin Kanada ne, ɗan gajere. Ya zo ƙasarmu a shekara ta 1902, ya mutu a Jos a shekara ta 1948. Muna ba da labarinsa a wannan wata musamman domin 'yan'uwanmu masu aiki a masana'antun Kano, wato na Bompai da Sharaɗa da Challawa, gama akwai wata tambaya da ke damun mai bi a irin wuraren nan. Ran Lahadi yana sujada tare da jama'a. Sauran kwana shida kuwa yana tsaye gaban inji, ko yana cikin warin fata a majema, ko yana ƙirga kaya a sito. To, ina bangaskiyarsa ta ke cikin kwana shidan nan? Zaman Stirrett yana da amsa a kan wannan.

Mai kanti a Toronto

An haife shi a shekara ta 1865 a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Ya koyi sana'ar harhaɗa magani, har ya mallaki kantin magani biyu a birnin Toronto, irin wanda mu ke kira kemis yanzu. Ya kuma yi karatun aikin likita. A zamanin nan mai kanti da hannunsa ya ke auna garin magani a ɗan sikeli, ya haɗa, ya ƙunsa. In ya rage, mara lafiya ba ya warkewa. In ya ƙara, mai yiwuwa ya kashe shi. Ba mai tsaya masa a kai sai Allah. Cikin irin aikin nan Stirrett ya yi ƙuruciyarsa, har ya zama mai abin hannu.

Tun a watan Disamba na 1893 waɗansu samari uku suka sauka Ikko, su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Nufinsu su kai Bishara ƙasar Sudan. Abin da Turawa ke kira Sudan a lokacin shi ne dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamada, har da ƙasar Hausa. Ba su kai ga nufinsu ba. Cikin shekara ta 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mai da shi. Sai ya rubuta wani ɗan littafi a kan nauyin ƙasar Sudan. Littafin nan ya shiga hannun Stirrett, ya karanta, abin ya tsaya masa a zuciya.

Ya rabu da kantunansa, ya ba da dukiyarsa ga Mishan, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila. A Liverpool ya tsaya ya koyi cututtukan ƙasashe masu zafi. A ƙarshen shekara ta 1902 ya iso Pategi a ƙasar Nufe, bakin Kwara, inda Mishan ɗin ya kafa tasharsa ta fari. Shekarunsa 37 a lokacin. Sunan Mishan ɗin a kwanakin nan Africa Industrial Mission, wato Mishan mai haɗa wa'azi da sana'ar hannu. Daga baya ne aka mai da shi Sudan Interior Mission, wanda mu ke kira SIM.

Ƙwaya ɗaya kowace rana

Abin da ya fi hana aikin Bishara ci gaba a shekarun nan shi ne zazzaɓin cizon sauro. An riga an san maganinsa. A 1854 Likita William Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ba Bature ko ɗaya da ya mutu. A 1897 kuma Ronald Ross ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da cutar. Amma sani dabam, yi dabam. Mutum ya kan sha maganin sa'anda jikinsa ya yi zafi, in ya ji sauƙi ya manta.

Stirrett ya tsaya wa abokan aikinsa a kan su sha kwinin kowace rana bisa ga ma'auni, ko da ciwo ko babu. Abu ne mai ɗaci, ba wanda ke marmarinsa. Amma ta wurin wannan ɗan ƙaramin abu mutane da yawa suka rayu, suka daɗe har suka koyi harshe, suka yi aiki. Yanzu an sami waɗansu magunguna da gidan sauro, ba a bin wannan hanya kuma. Koyarwar da ke ciki ita ce ta rage mana. Gowans da Kent suna da himma da ƙarfin hali, ba wanda zai ce Stirrett ya fi su. Abin da ya ƙara a kai shi ne halin mai kanti: a auna daidai, a yi yau, a sake yi gobe.

Zango da kasuwa

Zuciyarsa tana wurin Hausawa. Ya koyi harshen, ya zauna a Wushishi, inda fatake ke sauka da jakuna da kaya a kan hanyarsu tsakanin Kano da kudu. Jirgin ƙasa bai kai Kano ba sai a 1911, kuma ba a yarda wa 'yan Mishan su zauna su yi aiki a manyan biranen sarakuna ba tukuna. Stirrett bai zauna yana jiran ƙofa ta buɗe ba. Da maraice, sa'anda fatake suka sauke kaya suka hura wuta, sai ya shiga zango ya gaisa da su, ya duba mai gyambo da mai ciwon ciki, ya faɗa masu labarin Yesu Kristi. Gari ya waye su ɗaura kaya su wuce, waɗansu su sauka. Yawancinsu bai ƙara ganinsu ba. Amma sunan Bature Mai Magani ya bi hanyar fatauci, ya shiga garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba.

Da ya koma Jos da zama, kasuwa ta zama zangonsa. Ya kan tafi kullum, ya hau kan wani dutse saboda gajartarsa, ya buɗe babban hoto, ya yi wa'azi da Hausa. An ƙiyasta ya yi wa'azi wajen sau 20,000 cikin zamansa a ƙasar nan. Kada yawan nan ya tsorata mai karatu. In an raba shi bisa ga kwanakin shekara 45, bai wuce sau ɗaya ko biyu a rana ba. Da sannu tulu ke cika.

Kafin gari ya waye

Daga ina ya sami ƙarfin wannan naci? Waɗanda suka zauna tare da shi sun shaida ya kan tashi tun kafin ƙarfe huɗu na asuba domin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. Ya ɗauki wannan daga wurin Ubangijinsa, gama a Markus 1:35 an nuna mana yadda Yesu ya tashi da sauran duhu, ya keɓe kansa domin addu'a, alhali jiya ya yini yana warkar da mutane. Stirrett bai yi aure ba, bai tara kaya ba. Mutumin da ya taɓa mallakar kantuna a babban birni ya ƙare kwanakinsa da ɗan abin da ya ishe shi.

Ya kuma sa hannu cikin juyar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da Likita Walter Miller na Mishan ɗin CMS a Zariya, da waɗansu 'yan Mishan, da malamai 'yan ƙasa. Aiki ne na shekaru, aya bayan aya, a auna kowace kalma kamar yadda a ke auna magani. A shekara ta 1932 aka buga Littafin duka. Ya yi aiki kuma a kan waƙoƙin sujada na Hausa. A 1933 SIM ta sami zama a Kano, a 1943 aka buɗe asibitin ido wanda har yanzu mutane ke zuwa daga nesa. Ran 9 ga watan Yuli na 1948 Ubangiji ya kira bawansa, yana da shekara 82. Ekklesiyar ECWA ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a 1954. Ya shuka, bai ga girbin da idonsa ba.

Ga mai aiki a masana'anta

Ya ɗan'uwa, ba kowa aka kira ya bar sana'arsa ya ƙetare teku ba. Kada ka ce labarin nan na 'yan Mishan ne kaɗai. Duba da kyau, za ka ga abin da Allah ya mora a wurin Stirrett shi ne halin da ya koya a bayan kanta. Kai ma kana da naka sikeli.

Mun san zaman masana'antun Kano ba sauƙi. Masaƙu da yawa na Bompai da Sharaɗa sun rufe tun daga wajen 1990, saboda ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha. Wanda ya sami aiki yanzu yana riƙe da shi da tsoro. Albashi kaɗan ne, kuɗin haya da na makaranta suna jira. A nan ne jaraba ke zuwa da ƙananan abubuwa. Akawun sito ya rubuta buhu 98 alhali 100 suka shigo. Direba ya zuƙi man mota ya sayar a hanya. Mai aikin dare ya kwanta, ya bar inji yana fid da kaya marasa kyau. Heluma ya karɓi na goro kafin ya rubuta sunan lebura. Kowa zai ce abu kaɗan ne. Amma a Luka 16:10 Ubangiji ya koya mana cewa amincin mutum cikin ƙaramin abu shi ne ke nuna amincinsa cikin babba. Littafin Misalai 11:1 kuma ya nuna Allah yana ƙyamar ma'aunin zamba.

Haka kuma wanda Allah ya ɗora bisa waɗansu, ko manaja ne ko mai masana'anta. Wasiƙar Yaƙub 5:4 ta gargaɗe shi cewa hakkin ma'aikaci da aka danne yana kai ƙara gaban Allah. Biyan albashi a kan lokaci, da ba masu aikin majema safar hannu da takalmin roba, da hana zubar da ruwan guba cikin kogin da mutane ke sha, duk suna cikin bin Yesu, daidai da baiko da waƙa.

Ka tuna kuma da wanda ke tsaye kusa da kai. Yawancin abokan aikinka Musulmi ne, sun tashi sallar asuba kafin su fito. Suna lura ko kai ma kana da lokacin da ka keɓe wa Allah. Ba za su karanta littafinka ba, amma suna karanta hannunka da bakinka kowace rana: ko kana cika alkawari, ko kana biyan bashi, ko kana zuwa gaisuwa sa'anda aka yi masu rasuwa ko haihuwa. Stirrett ya fara da gaisuwa da wanke gyambo kafin ya buɗe baki da wa'azi.

Saboda haka ka zaɓi abu guda tun daga gobe. Ka tashi minti 15 kafin lokacin da ka saba, ka karanta sura ɗaya, ka ambaci sunan heluma da na abokan aikinka cikin addu'a. Sa'an nan ka tafi ka yi aikin yinin da gaskiya, kamar yadda Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa a sura 3 su yi aikinsu domin Ubangiji. Jibi ka sake yin haka. Allah ya ba mu alherin naci, har ranar da zai kira mu. Amin.