Alkawarizmi, malamin Bagadaza da ya kafa harsashin aljabara

Duk ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC ya san darasin rarraba jimlar lissafi zuwa gida biyu da ake ninkawa. Tushen wannan darasi yana komawa ga Muhammad bin Musa Alkawarizmi, wanda aka haifa wajajen shekarar 780. Laƙabinsa ya fito ne daga Kawarizm, wani yanki da ke kudu da tekun Aral, a tsakiyar Asiya.

Ya yi aiki a Baitul Hikma ta Bagadaza zamanin halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Wajajen 820 ya rubuta littafinsa kan aljabru da muƙabala. Kalmar jabru a Larabci ita ce ake amfani da ita ga ɗorin karaya. A lissafi kuwa tana nufin mayar da abin da aka ɗebe zuwa ɗaya ɓangaren. Daga nan sunan aljabara ya samo asali.

Buƙatar jama'a ce ta sa ya yi littafin: rabon gado, wasiyya, ciniki da awon filaye. Babban kaso na littafin ya tafi ne kan gado da wasiyya, inda kuskure kaɗan ke iya tauye haƙƙin maraya.

Babu alamomi a rubutunsa, da kalmomi da zane ya yi bayani. Misalinsa da ya fi shahara, a rubutun yau, shi ne x² + 10x = 39. Ya ɗauki rabin 10, wato 5, ya ninka shi da kansa ya samu 25, ya ƙara kan 39 ya zama 64. Tushen 64 shi ne 8. Aka cire 5, saura 3. Ɗaliban yau suna rubuta wannan a matsayin (x − 3)(x + 13) = 0, su samu amsa ta biyu, −13. Shi bai lissafa ta ba, domin a zamaninsa ba a karɓar adadin da ke ƙasa da sifili a matsayin amsa.

Ya rasu wajajen 850. A 1145 Bature Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin, ya shiga makarantun Turai. Daga sunansa kuma aka samo kalmar algoridim, wadda masana kwamfuta ke amfani da ita har yau.