Alhassan Ɗantata (1877–1955): Amana a Matsayin Jari

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuri'ar Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya ƙaura zuwa Madobi. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, ya rasu Alhassan yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Akara, saboda haka riƙonsa ya koma hannun wata dattijuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya samu laƙabin Ɗantata.

Karatunsa na allo ne, makarantar kasuwancinsa kuwa ayari ce. A tsarin fatauci yaro yakan koyi lissafi da sanin haja tare da riƙon amana, domin dukiyar da yake kulawa da ita ta ubangidansa ce, kuma babu takardar da za ta tsare ta sai halinsa. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa zango.

Yaƙin Basasar Kano, wanda ya ɓarke a 1893, ya rutsa da shi har aka kama shi, daga baya ya fanshi kansa. Ya koma fatauci, ya shiga sahun farko na masu ɗauko goro ta jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe cinikin gyaɗa, kamfanonin Turawa kuma suka buƙaci 'yan ƙasa masu sanin ƙauyuka. Alhassan ya zama mai saye wa Kamfanin Neja, daga baya U.A.C. Yakan ba yaransa kuɗi tun kafin kaka, su shiga karkara su sayo, a yi lissafi daga baya. Wato tarbiyyar ayari ya ɗora a kan sabon ciniki. A 1929 ya kai kuɗin azurfa, lodin raƙuma 20, reshen bankin B.B.W.A. na Kano.

Sai dai tsarin yana da fuska biyu. Bashin da ya ɗaga yaran attajiri, shi ne kan ɗaure manomi ga farashin da ba shi ya yanke ba, kamfanonin ƙetare kuma su kwashe kaso mafi tsoka. Amana tsakanin ubangida da yaronsa ba ta tabbatar da adalci ga mai gona ba. Wannan giɓi ya cancanci nazarin masu koyar da ladubban sana'a a yau.

Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, sun ci gaba da riƙe gidan.