Lamine Guèye da gardamar wakilcin jama'a

An haifi Lamine Guèye a shekarar 1891 a garin Madina, cikin ƙasar Mali ta yau, amma asalin gidansu Senegal ne. Ya fara da aikin koyarwa, sa'an nan ya tafi Paris ya yi karatun shari'a, ya sami digirin dakta a 1921, ya zama lauya.

A wancan zamani Faransa ta kasa mutanen ƙasashen da take mulka kashi biyu. A Senegal, haifaffun garuruwa huɗu, Saint-Louis da Gorée da Dakar da Rufisque, su ne ake lissafawa ƴan ƙasa masu ƙuri'a. Sauran jama'a kuwa talakawan mulkin mallaka ne, sai biyan haraji. A zaɓen 1945 kowane kashi da nasa wakili: ƴan ƙasa suka zaɓi Lamine Guèye, ɗaya kashin ya zaɓi Senghor. Nijar da Sudan ta Faransa, duk faɗinsu, aka gama talakawansu aka ba su depite guda, Fily Dabo Sissoko.

A majalisar Paris, Lamine Guèye ya tsaya kan cewa ba a wakiltar mutum alhali ba a ɗauke shi ɗan ƙasa ba. Ran 7 ga Mayu 1946 dokar da ke ɗauke da sunansa ta fito, ta mai da dukan mutanen ƙasashen nan ƴan ƙasa. Amma doka daban, ƙuri'a daban. Galibi sarakuna da ma'aikata da tsofaffin soja da masu ilimi ne ke jefa ƙuri'a, kuma majalisar Nijar ta ci gaba da kashi biyu. Sai dokar 23 ga Yuni 1956 ta ba kowane baligi, mace da namiji, ƙuri'a daidai.

Da masu zaɓe suka ƙaru a karkara, abin ya juyo kansa. Ƙarfinsa a birni yake, Senghor kuwa ya bi ƙauyuka. A zaɓen 1951 manoma suka kayar da shi, ya rasa kujerarsa ta Paris. Bai bar siyasa ba. Bayan samun ƴancin kai a 1960 ya shugabanci majalisar dokokin Senegal, yana bisa wannan aiki har ya rasu a Dakar ran 10 ga Yuni 1968. Allah ya jiƙansa.