Sir Sidney Harmer, Mai Ƙidayar Dabbobin Teku

Daga wakilinmu na Bauchi

Mu mutanen tudu ba mu da teku, amma wanda ya san ayu na kogin Binuwai zai gane irin dabbobin da Turawa ke kira wel da dolfin. Siffar kifi gare su, amma iska suke shaƙa, kuma suna shayar da 'ya'yansu nono. Wani lokaci sai su fito gaɓar teku su maƙale a rairayi, su mutu. Marigayi Sir Sidney Harmer shi ne ya tsara yadda za a riƙa rubuta kowace ɗaya a Ingila.

An haife shi a Norwich cikin 1862. Mahaifinsa attajiri ne mai sha'awar binciken duwatsu. Ya yi karatu a Landan da Kambirij, ya daɗe yana nazarin waɗansu ƙananan halittun ruwa, kafin a ba shi shugabancin sashen dabbobi na babban gidan ajiye kayan tarihin halitta na Landan, daga baya ya shugabanci gidan duka daga 1919 zuwa 1927.

Dabararsa ita ce abin lura. Akwai wata tsohuwar doka ta 1324 wadda ta ce duk wel ɗin da ya faɗo gaɓa na Sarkin Ingila ne, kamar dai yadda a da mafarauci a nan kan kai wa sarki haƙorin giwa. Harmer ya ga doka tana kwance ba ta amfanin kowa. A 1913 ya shirya da hukuma cewa masu gadin gaɓar teku su buga masa waya duk lokacin da aka tsinci gawa, su auna tsawonta, su aiko da abin da zai nuna irinta. Ya riƙa buga rahoto har na shekarar 1926. Ta haka aka gane waɗansu ire-iren da ake zaton ba su zuwa ruwan Ingila ashe suna zuwa.

Ya kuma yi ta gargaɗi cewa kisan da jiragen farauta ke yi wa wel a tekun kudu zai ƙarar da su. Ba a saurare shi da wuri ba, sai da aka yi ɓarna mai yawa.

Ya rasu a 1950. Littafin da ya buɗe ba a rufe shi ba, kuma tun 1988 akwai ƙungiyar 'yan sa kai a can masu ruga wa zuwa gaɓa don mayar da masu sauran rai cikin ruwa.