Denes Konig: Malamin da ƙaramar ƙa'idarsa ta zama mudun awo a ilimin lissafi

Duk ɗalibin da ya yi nisa a karatun lissafi ko kimiyyar kwamfuta zai ci karo da sunan Konig. Mai yiwuwa ma ya ɗauka an samo sunan ne daga Konigsberg, birnin nan mai gadoji bakwai da Leonhard Euler ya yi nazari a kansu a 1736. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Denes Konig mutumin ƙasar Hangari ne, an haife shi a Budapest ranar 21 ga watan Satumban 1884, a can ya yi kusan dukkan rayuwarsa, a can kuma ajali ya same shi ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu.

Lissafi gado ne a gidansu. Mahaifinsa, Gyula Konig, babban farfesa ne a Jami'ar Fasaha ta Budapest. A 1904, lokacin Denes yana da shekara 19, mahaifin ya miƙe a taron masana lissafi na duniya a Heidelberg da ke Jamus, ya ce ya rushe wani hasashe na Georg Cantor game da girman adadi marasa iyaka, alhali Cantor ɗin yana zaune a zauren. Ba a jima ba aka gano cewa hujjar ta jingina ne da wani sakamako da ya aro daga aikin wani masani, kuma sakamakon yana da ɓaraka. Abin da ya tsira daga hujjar har yau yana ɗauke da sunan mahaifin. Da ya rasu a 1913, ɗan ne ya shirya littafinsa na ƙarshe kan tushen mandiƙi da lissafi, aka buga shi a 1914.

Denes ya yi karatu a Budapest da Gottingen. A Gottingen ya saurari laccocin Hermann Minkowski, inda ya ji batun ko launi huɗu sun isa a fenti kowace taswira ba tare da ƙasashe biyu masu iyaka da juna sun zo da launi ɗaya ba. Ya sami digirin digirgir a 1907, ya fara koyarwa a jami'ar da mahaifinsa yake, amma bai hau kujerar cikakken farfesa ba sai 1935.

Fagen da ya zaɓa shi ne ilimin ɗigo da layi: a ɗiga ɗigo, a haɗa wasu daga cikinsu da layi, sannan a nemi abin da tsarin haɗin ya tilasta. A zamanin, manyan masana da dama kallon wasa ƙwaƙwalwa suke yi masa, kamar kacici-kacici. Konig bai ji kunyar hakan ba, domin tun yana ɗalibi ya wallafa littattafai kan wasannin lissafi.

Ga irin abin da ya fitar daga wannan wasa. A jera ma'aikata a gefe guda, ayyuka a ɗaya gefen, a ja layi tsakanin mutum da duk aikin da ya iya. A 1931 ya nuna cewa adadi mafi yawa na mutanen da za a iya bai wa kowannensu aikinsa daban daidai yake da adadi mafi ƙanƙanta na ɗigon da, in aka goge su, ba layin da zai saura. Abokin aikinsa Jeno Egervary ya faɗaɗa sakamakon a shekarar, kuma a kan aikin su biyun ne Ba'amurke Harold Kuhn ya gina dabarar rabon aiki da ya raɗa wa suna hanyar Hangari a 1955.

Bishiyar da ba ta ƙarewa

Amma abin da ya fi ɗaukaka sunansa wata gajeriyar maƙala ce da ta fito a 1927 a mujallar lissafi ta birnin Szeged. Za a fi gane ta da misalin zuriya. A ɗauka akwai kaka guda, kowane mutum a zuriyarsa yana da 'ya'ya masu ƙidayuwa, amma zuriyar gaba ɗaya ba ta da iyaka. Ƙa'idar ta ce dole a sami salsala guda, daga uba zuwa ɗa zuwa jika, wadda ba za ta taɓa yankewa ba.

Hujjar ba ta da tsawo. Tun da zuriyar kakan ba ta da iyaka, 'ya'yansa kuma ƙidayayyu ne, lallai akwai ɗaya a cikinsu da tasa zuriyar ba ta da iyaka. A ɗauke shi, a maimaita wannan magana a kansa, haka har abada. Sharaɗin ƙidayuwar 'ya'ya kuwa ba ado ba ne: da kakan yana da 'ya'ya marasa iyaka, za a iya samun zuriyar na farko ta ƙare a tsatso ɗaya, ta na biyu a tsatso biyu, ta na uku a uku, kowace salsala ta yanke duk da cewa jama'ar ba ta ƙirguwa.

Masana sun sha bi ta kan wannan mataki a cikin hujjojinsu ba tare da sun tsaya sun ba shi suna ba. Konig ya ciro shi ya ajiye shi daban. Ya gwada shi a kan wasan ces, inda ya cike wani gurbi da Ernst Zermelo ya bari a 1913: idan ɗan wasa yana da hanyar cin nasara ta dole daga wani matsayi, to akwai adadin motsi da ba zai buƙaci wuce shi ba.

A 1936, shekara 200 cif bayan gadojin Euler, ya wallafa a Leipzig littafin koyarwa na farko a duniya kan ilimin ɗigo da layi. Matasan da suka zauna gabansa sun haɗa da Paul Erdos da Pal Turan da Tibor Gallai, waɗanda daga baya suka mayar da Budapest cibiyar wannan fanni.

Konig asalin Yahudawa ne. Sojojin Jamus sun mamaye Hangari a watan Maris na 1944, kuma ya yi ƙoƙarin taimaka wa masana lissafi da ake zalunta. A tsakiyar Oktoba, jam'iyyar masu aƙidar Nazi ta ƙasar ta ƙwace mulki, aka shiga farautar Yahudawan Budapest. Ranar 19 ga watan, wata guda bayan ya cika shekara 60, ya kashe kansa.

Yadda aka auna nauyin ƙa'idar

A cikin hujjar nan ta zuriya akwai wani abu da ke ɓoye. Ta ce a zaɓi ɗan da zuriyarsa ba ta da iyaka, amma ba ta faɗi yadda za a gane shi ba. Stephen Kleene ya nuna cewa wannan ba ƙaramin giɓi ba ne: akwai bishiya marar iyaka da kwamfuta za ta iya zana ta reshe bayan reshe, amma babu wata manhaja da za ta iya bin hanyarta marar ƙarshe. Hanyar tana nan, na'ura ce ba za ta same ta ba.

Daga irin wannan lura ne Harvey Friedman, a taron masana lissafi na duniya a Vancouver a 1974, ya juya tambayar da aka saba yi. A al'ada ana farawa da tubalai a gina ƙa'ida. Shi kuwa ya fara da ƙa'idar, ya nemi tubalan da ba za ta tsayu ba sai da su. Ana kiran fagen lissafin komawa baya, kuma Stephen Simpson ya tattara shi a wani littafi a 1999. Abin da ya ba masana mamaki shi ne, ɗimbin sanannun ƙa'idoji sun faɗa cikin matakai biyar kacal, ɗaya bisa ɗaya.

Mataki na biyu sunan Konig yake ɗauke da shi. Tubalinsa shi ne sassauƙan nau'in ƙa'idarsa, wanda ya shafi bishiyoyin da kowane reshe nasu yake da alamar 0 ko 1 kawai. An tabbatar cewa nauyinsa ɗaya da ƙa'idar cikar mandiƙi ta Kurt Godel, da kuma maganar nan da ake koyarwa a shekarar farko ta jami'a, cewa layin da aka ja ba tare da ɗaga alƙalami ba daga wannan iyaka zuwa waccan yana da wurin da ya fi ko'ina tudu. A ido babu dangantaka tsakaninsu, amma kowace tana haifar da sauran.

Cikakkiyar ƙa'idar tana mataki na uku, kuma bambancin siriri ne ƙwarai. A bishiyar 0 da 1 an san tun farko inda za a nemi rassa. A cikakkiyar kuwa, an san rassan ƙidayayyu ne, sai dai ba a san lokacin da aka gama ganinsu ba. Wannan ɗan rashin sani shi ne ya ɗaga ta mataki guda.

Ita ma ƙa'idarsa ta rabon aiki an ɗora ta kan sikeli. Erdos ya yi hasashen yadda za ta kasance idan ma'aikata da ayyuka ba su da iyaka, Ron Aharoni ya tabbatar da hasashen gaba ɗaya a 1984. Aikin Aharoni da Menachem Magidor da Richard Shore na 1992, tare da na Simpson na 1994, ya nuna cewa idan ɗigon marasa iyaka ne amma ana iya jera su bi da bi, ƙa'idar tana kan mataki na huɗu, inda sai an yi ta maimaita gini har a zarce dukkan adadin ƙirga kafin hujja ta kammala.