Fireball Roberts: Gwarzon tseren motocin da mutuwarsa ta sauya tufafin direbobi

Duk wanda ke kallon gasar tseren motoci a yau zai ga direbobi sanye da riga haɗe da wando tun daga wuya har idon sawu, ga safar hannu, ga hular da ke rufe fuska a ƙarƙashin hular kwano. Ba ado ba ne. Kaya ne da aka saƙa don su jinkirta cin wuta, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin su zama dole.

Daga cikin waɗanda mutuwarsu ta kawo wannan sauyi akwai Edward Glenn Roberts, Ba'amurken da aka fi sani da Fireball Roberts, wanda ya rasu a 1964 yana da shekara 35.

Asalinsa da laƙabinsa

An haife shi ranar 20 ga Janairun 1929 a garin Tavares na jihar Florida, ya kuma tashi a Apopka.

Laƙabin Fireball na nufin dunƙulen wuta. Mutane da dama kan ɗauka gudun mota ne ya jawo masa sunan, amma tun yana saurayi ya same shi a filin wasan besbol, saboda ƙarfin da yake jefa ƙwallo da shi.

A 1945 ya shiga rundunar sojin sama, sai dai bai daɗe ba aka sallame shi saboda ciwon asma. Wannan ciwon ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma yana da hannu a abin da ya same shi daga baya.

Ya yi karatu a Jami'ar Florida, amma hankalinsa na kan mota. A lokacin ana tsere a kan yashin bakin teku a Daytona Beach, garin da Bill France ya kafa ƙungiyar NASCAR a 1948. Motocin gasar irin waɗanda ake sayar wa jama'a ne, sai dai a ƙara musu ƙarfi.

Yadda ya yi suna

Roberts ya ci babbar gasarsa ta farko a 1950 a Hillsboro da ke jihar North Carolina yana da shekara 21, kuma a wannan shekarar ya zo na biyu a teburin maki.

A 1957 aka zaɓe shi direban da ya fi farin jini. A 1958 tsere 10 kacal ya shiga, ya lashe shida, ciki har da gasar Southern 500 ta Darlington, wadda ya sake ɗauka a 1963.

Shekarar 1962 ce ta fi masa albarka. Da mota ƙirar Pontiac mai lamba 22, wadda fitaccen makanike Smokey Yunick ya haɗa, ya lashe Daytona 500 da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 240 a awa ɗaya. Richard Petty ne ya zo na biyu. A dai shekarar ya je Faransa ya shiga tseren awa 24 na Le Mans da mota ƙirar Ferrari, inda shi da abokin tuƙinsa Bob Grossman suka zo na shida.

Jimilla ya ci manyan tsere 33. Bai taɓa zama zakaran shekara ba, domin ba ya shiga kowace gasa. Ya fi zaɓen manyan filaye masu tsoka a kyauta.

Abin da direbobi ke sawa a lokacin

A shekarun 1950 zuwa farkon 1960, direban tsere kan shiga mota da 'yar shat ta auduga da wando na yau da kullum. Zafin cikin motar ya sa da yawa sun fi son kaya marasa nauyi.

Kariyar da aka sani ita ce a tsoma tufafin a ruwan da aka jiƙa sinadaran hana kama wuta, irin su boras, a shanya su bushe. Rigar kan yi tauri, tana kuma damun fata, sannan wanki na rage ƙarfin maganin.

Roberts ba ya tsoma nasa kayan, saboda sinadaran na tayar masa da asma.

Tankin man ma matsala ne. Ƙarfe ne kawai a bayan mota, cike da fetur. Idan aka daki bayan motar da ƙarfi sai ya fashe, man ya malale, tartsatsi ɗaya ya isa.

Ranar 24 ga Mayun 1964

A ranar aka yi gasar World 600 a filin Charlotte, tseren mil 600, wato kimanin kilomita 965. Roberts na tuƙa Ford ta kamfanin Holman-Moody, da lambarsa 22.

A zagaye na bakwai motocin Ned Jarrett da Junior Johnson suka yi karo. Roberts ya yi ƙoƙarin kauce musu, sai motarsa ta ƙwace, ta daki katangar ciki da baya, ta kife. Tankin ya fashe, wuta ta tashi yana ciki.

Jarrett ya fito daga tasa motar ya ruga ya jawo shi waje, ya taya shi yage kayan da ke ci a jikinsa. An ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibitin Charlotte Memorial da ƙuna mai tsanani a kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa.

Ya yi kusan mako shida yana jinya, har aka fara sa ran zai tashi. Daga baya ciwon huhu ya kama shi, ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, ya fita hayyacinsa. Ya rasu ranar 2 ga Yulin 1964, aka binne shi a Daytona Beach.

Shekarar da ta girgiza masu tsere

Ba shi kaɗai aka rasa ba. A watan Janairun shekarar, zakaran NASCAR Joe Weatherly ya mutu a hatsari a Riverside. Kwana shida bayan hatsarin Roberts, ranar 30 ga Mayu, Dave MacDonald da Eddie Sachs suka mutu a wani karo da ya haddasa gagarumar gobara a gasar Indianapolis 500.

Daga nan hukumomi suka tashi tsaye. NASCAR ta wajabta sanya kayan da ke jure wuta. Kamfanin Firestone ya fito da tankin mai wanda ke da jakar roba a ciki, ta yadda ko ƙarfen ya lotsa man ba zai zube ba. A Indianapolis kuma aka bar fetur aka koma man metanol.

Babban sauyin ya zo ne da zaren Nomex na kamfanin DuPont, wanda ya shiga kasuwa a 1967. Shi ba tsoma shi ake yi a magani ba, jure wutar a jikin zaren take, don haka wanki ba ya cire ta. Ba ya narkewa ya manne a fata, sai dai ya ƙone ya yi kauri.

Ɗan sama jannati Pete Conrad ne ya nuna wa Bill Simpson, wani direba mai haɗa kayan kariya, wannan zare. Simpson ya ɗinka rigunan tsere da shi, har yakan cinna wa kansa wuta sanye da rigar don ya gamsar da masu shakka.

Yadda ake zaɓen rigar a yau

Babu rigar da wuta ba ta ci. Abin da take sayo wa direba shi ne daƙiƙoƙi, kuma da su ake auna darajarta.

A Amurka gidauniyar SFI ce ke ba da shaida. Riga mai lamba 3.2A/1 na ba da kusan daƙiƙa uku kafin fata ta yi bororo, mai 3.2A/5 kusan daƙiƙa 10, mai 3.2A/20 kuma kusan daƙiƙa 40. Ta ƙarshen masu tseren gajeren zango da ke amfani da man da ya fi saurin kamawa ne ke sa ta. A gasannin ƙasa da ƙasa kuwa ana bin ƙa'idar hukumar FIA mai lamba 8856-2018.

Saboda haka abu na farko da direba ke dubawa shi ne tambarin shaidar da ke ɗinke a jikin rigar, da ko ya dace da dokar gasar da zai shiga.

Na biyu shi ne yawan ninki. Riga mai ninki biyu ko uku ta fi mai falle ɗaya, domin iskar da ke tsakanin ninkin na rage saurin isar zafi. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a son rigar da ta matse jiki sosai.

Na uku, kayan ciki. Singileti ko safa na roba kan narke su manne a fata ko da rigar sama ba ta kama ba. Don haka ake haɗawa da kayan ciki, safa, takalmi, safar hannu da hular fuska duk masu jure wuta. Rigar da ta sha mai ko ta yage kuma ta rage amfani.

An ga amfanin wannan a Bahrain ranar 29 ga Nuwamban 2020, lokacin da motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta a gasar Formula 1. Ya yi kusan daƙiƙa 28 a cikin wutar, ya fito da ƙafarsa, da ƙuna a bayan hannayensa.

A 1998 NASCAR ta sanya Roberts cikin direbobinta 50 mafiya girma a tarihi, sannan a 2014 ta shigar da shi zauren gwarazanta da ke Charlotte, kusa da filin da ya yi tserensa na ƙarshe.