José Raúl Capablanca: Zakaran Darar Ces na Duniya (1888–1942)

Darar da za a yi magana a kanta a nan ba ita ce tamu ta gida ba, wadda ake haƙa wa gurabe a ƙasa a gindin inuwa. Ita wannan Turawa suna kiranta ces, Larabawa kuwa shaɗaranji. Ana yin ta a kan allo mai gidaje 64, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha shida: sarki da sarauniya, da dawaki biyu, da soraye biyu, da waɗansu biyu da Larabawa ke kira giwaye, sa'an nan dakaru takwas a sahun gaba. Wanda ya tsare sarkin abokin karawarsa har ya rasa mafita, shi ya ci. In an rasa mai tsare wani, an yi kunnen doki ke nan. Daga shekarar 1886 aka fara naɗa zakaran duniya a wannan wasa, kuma mutum na uku da ya riƙe kambin shi ne José Raúl Capablanca, mutumin ƙasar Kyuba.

An haife shi a birnin Habana ranar 19 ga Nuwamba, 1888, lokacin Kyuba tana hannun Sifen. Mahaifinsa hafsa ne a rundunar sojan Sifen ɗin. Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, yana ɗan shekara huɗu ya koyi wasan, ba da wani ya zaunar da shi ba, sai don yana tsayawa yana kallon mahaifinsa yana bugawa. A ƙarshen 1901, yana kan cika shekara goma sha uku, aka haɗa shi da Juan Corzo, zakaran Kyuba. Yaron ya ci wasa huɗu, aka ci shi uku, aka yi kunnen doki shida. Abin lura shi ne, Corzo ya fi shi sanin littattafan buɗe wasa nesa ba kusa ba, amma da zarar 'ya'ya sun ragu a kan allo sai yaron ya fi shi gani. Wannan hali bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Daga nan aka tura shi Amurka karatu, ya shiga Jami'ar Kolumbiya a Niyu Yok a 1906 don ya koyi aikin injiniya. Bai gama ba. Dara ta ɗauke masa hankali. A 1909 ya kara da Frank Marshall, babban ɗan darar Amurka, ya ci shi sau takwas, shi kuwa Marshall sau ɗaya tak, saura goma sha huɗu kunnen doki. Marshall bai riƙe shi a zuci ba, shi ne ma ya tsaya masa har aka karɓe shi a babbar gasar San Sebastián ta ƙasar Sifen a 1911. Waɗansu manyan 'yan wasan Turai, ciki har da Ossip Bernstein, sun ƙi yarda da shigarsa, don a ganinsu bai yi abin da zai zauna cikinsu ba. Sai ga shi wasan farko an haɗa shi da Bernstein ɗin, ya ci shi ci mai kyau har aka ba wasan lambar yabo, daga bisani kuma ya zo na ɗaya a gasar baki ɗaya.

Zakaran duniya a lokacin shi ne Emanuel Lasker, Bajamushe, masanin lissafi, wanda ya karɓi kambin tun 1894. A wancan zamani babu wata hukuma da ke tilasta wa zakara ya kare kambinsa. Shi ke yanka sharuɗɗa, mai nema kuma shi ke neman kuɗi. Capablanca ya nemi karawa tun 1911, aka yi ta musayar wasiƙu a kan sharuɗɗa har aka ɓata. Sun haɗu a gasar San Fitasbag ta Rasha a 1914. Capablanca ne ke kan gaba har kusan ƙarshe, sai dattijon ya ci shi a wasa guda, ya wuce shi da rabin maki. Wani saurayi ɗan Rasha, Alexander Alekhine, shi ya zo na uku. Watanni kaɗan bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, maganar kambi ta kwanta. Tun 1913 gwamnatin Kyuba ta ba Capablanca muƙami a ma'aikatar harkokin waje, wanda ya ɗauke masa wahalar neman abinci, ya kuma buɗe masa hanyar yawon ƙasashe.

Sai a 1921 aka yi karon, a Habana, cikin watannin Maris da Afrilu. Lasker yana da shekara 52, zafin garin kuma bai yi masa daɗi ba. An shirya wasa 24, amma bayan na goma sha huɗu sai ya sallama: Capablanca ya ci huɗu, goma kunnen doki, Lasker bai ci ko ɗaya ba. Mulkin shekara 27 ya ƙare ke nan.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a dubi yadda yake wasa, don shi ne dalilin da har yau ake koyar da wasanninsa. Akwai 'yan dara masu son hargitsi, su jefa doki ko soro a bakin abokin gaba don su buɗe hanya zuwa ga sarki. Capablanca ba ya cikinsu. Shi abin da yake nema shi ne 'yar ƙaramar ɓaraka: dakare guda da ya rabu da 'yan'uwansa babu mai kare shi, ko gida guda da abokin gaba ba zai iya tsarewa ba. Da ya same ta sai ya shiga musayar 'ya'ya, doki da doki, sarauniya da sarauniya, har allo ya yi fili, ɓarakar nan da ba a kula da ita ba ta zama ita ce dukan magana. Haka ya yi wa Lasker a wasa na goma, inda ya lizimci dakare guda marar mataimaki har ginin duka ya rushe. Haka kuma ya yi wa Savielly Tartakower a Niyu Yok a 1924: ya bar shi ya cinye dakaru biyu a banza, shi kuwa ya tako da sarkinsa gida-gida har cikin zangon abokin gaba, ya haɗu da soronsa, wasa ya ƙare. Mai kallo sai ya ga kamar shi ma zai iya, don babu wani taku mai ban mamaki. Sai ya zauna ya gwada tukuna. Littafinsa na koyar da dara, wanda ya fito a 1921, shi ma daga ƙarshen wasa ya fara koyarwa kafin ya komo kan buɗewa, saɓanin yadda galibin masu koyo ke so.

Ga kuma sauri, ga wuyar kayarwa. Daga Fabrairun 1916 zuwa Maris na 1924 ba a ci shi ko sau ɗaya ba a babban wasa, sai da Richard Réti ya karya wannan. A birnin Kilibilan na Amurka a 1922 ya yi wasa da mutum 103 a lokaci guda, yana zagayawa daga allo zuwa allo, ya ci 102, ɗaya ya samu kunnen doki. Har ya kai ga tsoron cewa gwanaye za su ƙure wasan ya zama kullum kunnen doki, ya ba da shawara a faɗaɗa allon a ƙara sababbin 'ya'ya biyu.

A ganina, wannan sauƙi da Allah ya hore masa shi ne ya cuce shi. Mutumin da tun yana yaro yake ganin takun da ya dace ba tare da wahala ba, da wuya ya saba da zaman bincike na dare da rana. A farkon 1927 ya ci gasar Niyu Yok, ya bar Alekhine a baya da maki biyu da rabi, kuma har zuwa lokacin Alekhine bai taɓa cinsa ba ko sau ɗaya. Saboda haka da aka shirya karonsu a Buwenos Aires ta ƙasar Ajantina a watan Satumba, kusan kowa ya ɗauka an gama. Alekhine kuwa ya daɗe yana bin wasannin zakaran ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa shi ma yana kuskure, musamman in wasa ya yi tsawo ya dogara ga kallon farko. Sharaɗin shi ne wanda ya fara cin shida. Kunnen doki ba ya cikin lissafi. Alekhine ya ci wasan farko. Aka yi ta ja har ƙarshen Nuwamba, wasa 34: Alekhine shida, Capablanca uku, kunnen doki 25.

Ya nemi a sake karawa, bai samu ba. A Landan a 1922 shi da kansa ya kafa ƙa'ida cewa mai neman kambi sai ya kawo dala 10,000. Alekhine ya sha wuya kafin ya tara wannan kuɗi, don haka ya tsaya a kan sai shi ma an kawo masa su daidai, ga shi kuma tattalin arzikin duniya ya karye a 1929. Gaba ta shiga tsakaninsu, suka yi shekaru ba su zauna a gasa ɗaya ba. Alekhine ya kare kambinsa da waɗansu, amma bai sake ba Capablanca dama ba, ko da yake ƙarfinsa bai ƙare ba: a 1936 ya zo na ɗaya a Mosko, ya kuma raba matsayi na ɗaya da Mikhail Botvinnik a Notingam ta Ingila, inda ya ci Alekhine a wasan da suka yi.

Hawan jini ya dame shi a shekarunsa na ƙarshe. A daren 7 ga Maris, 1942, yana zaune a kulob ɗin dara na Manhatan a Niyu Yok yana kallon waɗansu suna wasa, sai ya yanke jiki ya faɗi. Ya rasu da asuba washegari a asibitin Mount Sinai, inda Lasker ya rasu a shekarar da ta gabata, yana da shekara 53. Aka ɗauki gawarsa zuwa Habana, aka binne shi a maƙabartar Colón.